Ƙarar Tafet a Tsohon Inji: Kada a Yarda da Gyaran Kunne

Da sanyin safiya mai tsohuwar mota ya murza makulli, inji ya tashi, sai ga wata siririyar ƙara daga sama, kas-kas-kas, kamar keken tela. Wani kafin ya fita daga layinsu ta ɗauke. Wani kuwa haka za ta raka shi har kasuwa ta dawo da shi. Ita ce makanikai ke kira ƙarar tafet, kuma yawancin asarar da ake tafkawa a kanta daga wajen gyara take fitowa.

Kowace silinda tana da bawul na shigar iska da fetur, da bawul na fitar hayaƙi. Kamshaf ke danna su su buɗe, sifirin ya maido su. Da yake ƙarfe na miƙewa in ya ji zafi, maƙeran inji sun bar 'yar tazara tsakanin kan bawul da abin da ke danna shi, wato tafet, wadda ko kaurin farce ba ta kai ba. A Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna, milimita 0.10 ce a bawul na shiga, 0.25 a na hayaƙi. A Volkswagen kunkuru 0.15 ce duka biyun. Da tafiya ta yi tafiya ƙarfe ya ci ƙarfe, tazarar ta buɗe, sai dannawa ta koma duka. Dukan nan ne kunne ke ji.

Sai dai ba kowace kas-kas ce tafet ba. Gogaggen bakanike yakan ɗauko dogon sukudireba, ya ɗora bakinsa a murfin saman inji, ya kara ƙotar a kunne, yana matsawa daga wannan silinda zuwa waccan har ya kama inda ƙarar ta fi ƙarfi. Mai son gwadawa da kansa ya fara tuɓe babbar riga, don fanka da bel ba su san mai mota ba. Ƙarar tafet siririya ce, daga sama take, kuma saurinta rabin na inji ne, saboda kamshaf juyi ɗaya yake yi duk sa'ad da kiranshaf ya yi biyu. Idan gasket ɗin bakin bututun hayaƙi ne ya fashe, za a ga baƙin kunkunniya a mahaɗar, kuma ƙarar kan ragu in inji ya ɗumama. Nozul na injekta ma yana da tasa 'yar ƙarar, wadda ba ciwo ba ce. Amma ƙara mai nauyi daga ƙasa, ƙum-ƙum, wadda ke ƙaruwa in an taka totur, wannan metar kiranshaf ce. A kashe inji nan take, a nemi mai ja.

Bayan an tabbatar tafet ne, sai a san irin injin. Na 504 da kunkuru da tsofaffin Honda Accord masu silinda huɗu suna da noti da sukuru na saiti. Tsofaffin Corolla da yawa 'yan faranti ne masu kauri daban-daban ake canja musu. Golf 3 kuwa, wadda ta cika tashoshinmu, tafet ɗinta baƙin mai ne ke cika shi ya saita kansa, babu abin ɗaurewa. Irin wannan in ya yi ƙara ta 'yan daƙiƙu da safe ya yi shiru, man ne bai gama hawa ba. In ya ƙi shiru, a duba ko man ya yi ƙasa, ko ya tsufa ya yi ƙulli-ƙulli ya toshe hanya, ko filtar jabu ce, ko famfon mai ya gaji. Wanda duk ya ce zai saita tafet ɗin Golf 3 da sifana, a tambaye shi wane noti zai kama.

Babban haɗarin yana wajen masu saiti. Yaron gareji ya buɗe murfi, inji da zafinsa, ya yi ta ɗaure sukuru yana saurare har ƙarar ta mutu, sannan ya ɗago yana murmushi: "Alhaji, ka ji ta yi tsit." Alhaji ya biya har da na goro. Abin da bai sani ba, bawul na hayaƙi yana sauke yawancin zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In an ɗaure shi fiye da kima ba zai zauna sosai ba, wuta ta riƙa lasar gefensa har ya ƙone. Sannu a hankali mota ta fara rawa a tsaye, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Daga nan sai sauke kan silinda, da sayen bawul da gasket, da kuɗin gurzawa. Tafet mai 'yar ƙara ya fi wanda aka shaƙe sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma dabarar wasu dillalai, ta ɗura mai mai kauri kamar zuma don ƙarar ta kwanta har a gama ciniki. Mai saye ya je da sassafe, ya taɓa inji ya ji da sanyinsa kafin a tayar, ya zaro sandar awon mai, ya buɗe marfin zuba mai ya leƙa ko akwai baƙin mai da ya daskare.

Mai 504 ko kunkuru ko Honda da za a yi wa saiti, ya bar motar ta kwana a gareji, don a sanyi ake auna su. Ya tsaya a kai ya ga an fito da fila geji, siraran ƙarafan nan masu lamba, an zura a kowane bawul yana wucewa da ɗan ja, kuma a sa sabon gasket a murfin. Bakaniken da ya ce kunnensa ya ishe shi, a karɓi makulli a yi masa sai an jima.