Kogi Ɗaya, Jihohi Shida: Wa Ke da Iko da Ruwan Haɗejiya da Komadugu?

A ƙauyukan Guri da Kirikasamma na jihar Jigawa akwai wani aikin gayya da kakannin mutanen wurin ba su san shi ba. Magidanta da samari kan shiga ruwa har iya ƙirji, kowa da adda ko lauje, suna saran wata doguwar ciyawa mai suna kacala wadda ta fi mutum tsayi. Wasu na sara, wasu na ja zuwa gaɓa, matsattsaku na manne musu a ƙafa. Burinsu su buɗe ɗan zirin da kwalekwale zai wuce, ruwan da ya kwanta a gonakinsu kuma ya samu hanya. Kafin shekara ta zagayo ciyawar ta sake rufe wurin.

Can ƙasa da su, a Gashuwa da Gaidam na jihar Yobe, kukan daban ne. Manoman shinkafa da masunta na cewa ruwan da iyayensu suka saba gani yana malala cikin fadama ya ja baya. Mutanen Guri ruwa ya yi musu yawa, na Gaidam bai ishe su ba, alhali kogi ɗaya suke sha. Abin da ya haɗa su shi ne, ba a garuruwansu ake yanke shawarar yadda ruwan zai gudana ba, kuma babu wata doka da ta faɗi rabon kowannensu.

Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa jihar Bauci ta ƙasar Katagum. Su biyun suna bazuwa cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, sannan su tattaru kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke raba Nijeriya da Nijar a ƙarshen tafiyarsa kafin ya faɗa Tafkin Cadi. Jihohi shida ke da hannu a wannan ruwa: Filato, Bauci, Kano, Jigawa, Yobe da Barno. A tsallaken iyaka akwai manoman tattasai na jihar Difa, waɗanda su ma da shi suke rayuwa.

Kafin a zo da takarda da hatimi, mutanen wannan yanki suna da tsarinsu. Sarkin ruwa ne ke faɗin ranar da za a buɗe tafki a yi su da ranar da za a rufe shi kifi ya hayayyafa. Bulama ko mai unguwa ke raba fadama. Makiyayi ya san burtalinsa da mashayarsa, ya kuma san ba ya shiga fadama sai an kwashe amfani. Fili ɗaya yakan ciyar da mutum uku a shekara: masunci lokacin cikar ruwa, manomi idan ruwa ya fara janyewa, Bafillatani da rani. Fikihun Malikiyya da alƙalan ƙasar ke hukunci da shi ya ƙarfafa wannan tsari. Ya ware haƙƙin sha, wanda ba a hana mutum ko dabba, daga haƙƙin ban-ruwa, wanda ake bi da bi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke kan wasu ƙoramu biyu na Madina, inda aka ba na sama damar tsare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake wa na ƙasa. Ke nan na sama yana da fifiko, amma fifikon yana da awo, kuma kowa na iya ganin awon da idonsa.

Fari na farkon shekarun 1970 shi ya sauya lissafi. Gwamnatin Audu Baƙo ta Kano ta duƙufa gina madatsun ruwa, mafi girmansu ita ce Tiga, wadda aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka gama ta Calawa a ƙasar Ƙaraye, mai ɗaukar kusan rabin haka. Babu mai gardamar alherin da suka kawo. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da alkama suka tayar da garuruwa. Da ruwan kogunan nan matatun Tamburawa da Calawa ke shayar da birnin Kano. Sai dai waɗannan madatsu biyu sun riƙe mafi yawan ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya, kuma ranar da aka rufe su ba a tambayi mutumin Nguru ba.

Abin da ya biyo baya darasi ne kan halin kogi. A da, kogin Haɗejiya kan cika ya tumbatsa a watan Agusta da Satumba, ya wanke hanyoyinsa, sannan ya ƙafe ƙaf da rani. Wannan ƙafewar ita ke kashe ciyawar ruwa. Da madatsu suka zo, sai babbar cikar damina ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara domin masu noman rani da masu famfo. Ruwa marar ƙarfi ba ya ture yashi da laka, sai ya zube su a hanya. Ƙasa mai danshi rani da damina kuwa ita kacala ke so. Ta kama, ta toshe tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma ya nufi tafkin Nguru, ya kwanta a kan gonaki da hanyoyi. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikinta, suna fitowa dubbai su sauka a kan gero da shinkafa. Filin da ambaliyar albarka ke shafa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a wajajen 1970, ya koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Yau ruwan da ke isa Gashuwa kusan duk na Jama'are ne, na Haɗejiya ya maƙale a hanya.

Masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun auna wannan al'amari a farkon shekarun 1990. Sun haɗa abin da fadamar ke samarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da aikin ban-ruwa na Kano ke samarwa da ruwa daidai wannan adadi. Fadama ta yi rinjaye da tazara mai nisa. Ba ana cewa a rushe Tiga ba ne. Abin lura shi ne arzikin na ƙasa bai shiga littafin gwamnati ba, domin kifin da aka banda a Nguru da nonon da aka tatsa a Baturiya ba su da rasit.

To, me doka ta ce? Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Tun kafin nan, Dokar Soja mai lamba 101 ta 1993, wadda har yanzu ita ce babbar dokar ruwa ta ƙasa, ta damƙa ikon irin wannan ruwa, na sama da na ƙarƙashin ƙasa, a hannun Gwamnatin Tarayya. Mutane da yawa ba su san cewa wannan doka ta kare talaka a wasu wurare ba. Ta ce kowa na iya ɗiban ruwa kyauta domin amfanin gida da shayar da dabbobi a duk inda jama'a ke da hanyar isa, yana iya kamun kifi, yana iya tuƙa jirgi. Mai gona a bakin kogi yana iya ban-ruwan gonarsa ba tare da biyan ko kwabo ba. Wanda zai tare kogi ko ya karkatar da shi domin babban aiki, shi ne ke buƙatar lasisi daga minista.

Inda dokar ta gaza shi ne rabo. Ta faɗi mai iko, ba ta faɗi kason kowa ba. Ba ta ce ga yawan ruwan da dole ya wuce Wudil a watan kaza ba, ba ta ce ga abin da ya zama tilas ya isa Gashuwa ba. Ga kuma tarin hukumomi. A 1976 aka raba ƙasar zuwa hukumomin raya koguna 11, sai wannan kogi ya faɗa hannun biyu: hukumar Haɗejiya da Jama'are mai hedikwata a Kano tana riƙe da sama, hukumar raya yankin Tafkin Cadi da ke Maiduguri tana riƙe da ƙasa. Hukumar da ke buɗe ƙofar madatsa ita ce kuma mai filayen noman rani da ke shan ruwan, wato alƙali yana cikin masu shari'a. Filin da ruwan ke bi ta kansa kuwa, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna. Hukumomin ruwan sha na jihohi ne. Idan gonar mutum ta nutse a Auyo, zai rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wannan giɓi ne ya sa maganar madatsar Kafin Zaki ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shekara da shekaru. Bauci na son a tare kogin Jama'are domin ta yi noman rani kamar yadda Kano ta yi, kuma tana da hujja. Yobe da Barno sun ƙi, domin Jama'are ne kaɗai kogin da ya rage musu yana cika yadda Allah ya yi shi, su ma suna da hujja. Da akwai rubutaccen kaso da kotu za ta iya tilastawa, da Yobe ba ta ji tsoro haka ba. Tun da babu, abin da ya faru bayan Tiga shi ne kawai shaidar da take da ita.

An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. A 2006 gwamnonin jihohin shida suka yi taro a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kogin baki ɗaya, aka kafa asusun amana na Haɗejiya, Jama'are, Komadugu da Yobe. An kuma tsara yarjejeniyar ruwa wadda ta fayyace haƙƙi da nauyin kowane ɓangare. Aiki ne mai kyau, an zauna da manoma da masunta da makiyaya da sarakuna kafin a rubuta shi. Asusun ya yashe wasu hanyoyin ruwa, daga baya gwamnatin Jigawa ta sayo injunan yasa masu tafiya a kan ruwa, shirin TRIMING na Bankin Duniya kuma ya gyara magudanan Kano da na Auyo, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Amma yasa magani ne na alama. Muddin yadda ake sakin ruwa bai canja ba, kacala za ta dawo.

Haka abin yake a tsakanin ƙasashe. Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru sun kafa Hukumar Tafkin Cadi ta ƙasa da ƙasa a 1964. A 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan koguna huɗu da suka haɗa su cikin adalci, har da Gulbin Maraɗi da ƙarshen Komadugu Yobe. A 2012 aka amince da yarjejeniyar ruwa ta Tafkin Cadi. Alkawuran suna nan a rubuce, sai dai ƙasar da ba ta iya raba ruwa tsakanin Kano da Yobe ba, da wuya ta tabbatar wa Difa kasonta.

Damar gyara ta zo da ƙudirin dokar albarkatun ruwa da gwamnatin Muhammadu Buhari ta kai majalisa, wanda ministan ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ya yi ta karewa. Ƙudirin ya nemi haɗe tsofaffin dokoki wuri ɗaya, a samu hukuma mai sa ido wadda ba ita ce mai amfani da ruwan ba, a kuma riƙa tafiyar da kowane kogi a matsayin abu guda daga tushe har ƙarshe. Ya faɗi a Majalisar Dattawa a 2018, aka janye shi a Majalisar Wakilai a 2020, ya dawo a 2022, dattawa suka sake watsi da shi a Yunin 2023. Masu adawa, irin su gwamnan Binuwai na lokacin Samuel Ortom da Wole Soyinka da ƙungiyoyin Kudu, sun ce dabara ce ta ƙwace gaɓar koguna a ba makiyaya, wasu kuma suka ji tsoron za a sa wa rijiyar burtsatse haraji. Tsoron jihohi kan filayensu abin saurare ne, kuma gwamnati ba ta yi wa jama'a bayani yadda ya kamata ba. Duk da haka abin takaici ne a ce an shafe shekaru ana wannan muhawara ba a ji sunan Guri ko Gaidam ba, alhali su ne suka fi kowa ɗanɗana rashin dokar.

Ba sai an jira Abuja kafin a yi wani abu ba. Majalisun jihohin shida na iya mayar da yarjejeniyar da aka riga aka tsara ta zama doka a jihohinsu. Hukumar da ke riƙe da Tiga da Calawa na iya buga jadawalin sakin ruwa kowace shekara, a karanta shi a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Badanci, manomi ya san ranar da ruwa zai zo kafin ya zuba iri. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin babban ruwa da damina domin fadama ta sha, a kuma bar kogi ya ƙafe na wani lokaci da rani domin kacala ta mutu, wanda zai buƙaci a zauna da manoman Kura da na Auyo a daidaita. A teburin da za a yi wannan zama, sarkin ruwa da arɗo da shugabar mata masu bandar kifi su samu kujera mai ƙuri'a.

Mutanen Kano, Jigawa, Bauci, Filato, Yobe da Barno suna da 'yan majalisa a jiha da tarayya. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a a garuruwan bakin wannan kogi, a tambaye shi ina aka kwana kan yarjejeniyar Damaturu, da kuma ranar da zai kai ta zauren majalisa.