Iska da Ƙwallon Gashi: Ilimin da ke Ɓoye a Gasar Badminton ta Matasan Duniya

A watan Afrilu na 2010, matasan ƙasashe da dama suka hallara a birnin Guwadalahara na ƙasar Meziko domin gasar badminton ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19. Wannan birni yana bisa tudu mai tsayin mita 1,500 da ɗoriya daga gaɓar teku. Duk ɗan wasan da ya taso a Jakarta ko Bankok ko Kwafanhagin, waɗanda ke dab da teku, ya tarar da abin da bai saba da shi ba: bugun da a gida yake sauka cikin fili, a nan yana neman zarce layi. Ƙarfin hannunsa yana nan yadda yake, iskar ce ta sauya. Fahimtar wannan al'amari ita ce mabuɗin gane yadda wasan yake, da kuma irin jarrabawar da gasar ke yi wa matasa.

Asalin Gasar

An fara gasar matasan duniya a Jakarta ta ƙasar Indunusiya cikin 1992. Da farko bayan shekara biyu-biyu ake yin ta, sai daga 2007 ta koma ta shekara-shekara, ko da yake annobar korona ta hana a yi ta a 2020 da 2021. Tun daga 2000 aka ƙara mata ɓangaren ƙungiya, inda maza da mata na kowace ƙasa suke haɗuwa su kara da na wata ƙasar, kuma kofin wannan ɓangare shi ake kira Kofin Suhandinata. Gasar ba ta da mazauni guda. Ta sauka a Silkeborg ta Danmak a 1996, da Firitoriya ta Afirka ta Kudu a 2002, da Lima ta Peru a 2015, da Kazan ta Rasha a 2019. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan birane yana da irin tasa iskar.

Ƙirar Ƙwallon

Abin da ake bugawa a badminton ya sha bamban da sauran ƙwallaye. Gashin fiffiken dinya ko agwagwa ne guda 16, aka kafa su a da'ira bisa wani ɗan dunƙulen ɓawon itace mara nauyi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Dokar wasan ta ƙayyade tsawon gashin tsakanin milimita 62 da 70, nauyin ƙwallon duka kuwa tsakanin giram 4.74 da 5.50. Ana zaɓo gashin daga fiffiken ɓangare guda domin lanƙwasarsu ta fuskanci wuri ɗaya, abin da ke sa ƙwallon ya riƙa juyawa a kan kansa yayin da yake tafiya. Da yake nauyin ya taru a kai, duk yadda aka buge shi sai ya waigo nan take ya sa kan a gaba, gashin a baya.

Turjiyar Iska

Duk abin da ke ratsa iska sai ya ture ta daga gabansa, ita kuma ta ture shi. Wannan ita ce turjiyar iska. Girmanta ya danganta da faɗin abin, da kaurin iskar, da kuma saurin tafiya. Idan sauri ya ninka biyu, turjiya takan ninka huɗu. To, ƙwallon gashi ga shi da faɗi kamar mazurari, ga shi ba nauyi, don haka iska ta fi ƙarfinsa ƙwarai.

Sakamakon haka abin mamaki ne. A 2023 an auna bugun ɗan wasan Indiya Satwiksairaj Rankireddy a ɗakin gwaji, aka sami kilomita 565 a sa'a, saurin da ya wuce na motar tsere nesa ba kusa ba. Amma wannan sauri na farkon tashi ne kawai. Kowace mita uku da 'yan kai da ƙwallon ya yi, saurinsa yakan ragu da rabi. In kuwa aka sake shi daga sama ya faɗo don kansa, ba ya wuce kimanin kilomita 25 a sa'a. Shi ya sa idan aka ɗaga shi sama zuwa ƙarshen fili, yakan tafi a miƙe, ya tsaya kamar ya yi karo da bango, sa'an nan ya sauko kusan a tsaye. Wannan halayya ce ta sa filin da tsawonsa bai wuce mita 13.4 ba ya wadatar da wasan.

Tudu, Zafi da Sanyi

Tunda iska ce birkin ƙwallon, duk abin da ya rage kaurinta zai ƙara masa nisa. A tsayin mita 1,500, kaurin iska yakan ragu da kusan kashi 14 cikin 100 a kan na gaɓar teku. Lissafi ya nuna cewa dogon bugu zai iya ƙara fiye da mita guda ta wannan dalili kaɗai, alhali a wasa santimita ɗaya tana raba cin maki da faɗuwa. Haka nan iska mai zafi ta fi mai sanyi sakayau, saboda haka ƙwallon ya fi gudu a zauren da ya ɗumama. Bushewar iska kuma tana sa gashin ya yi saurin karyewa.

Masana'antu sun magance wani ɓangare na matsalar ta hanyar ƙera ƙwallaye masu nauyi daban-daban, da lambobi irin su 76, 77 da 78. Mai ƙaramar lamba ya fi rashin nauyi, shi ake kai wa tudu da ƙasashe masu zafi. Kafin a fara wasa akan yi gwaji: ɗan wasa ya tsaya a layin baya, ya ɗauko ƙwallon daga ƙasa da cikakken ƙarfi, ya aika shi ɗaya ɓangaren. Ƙwallon da ya dace shi ne wanda ya sauka tsakanin santimita 53 da 99 kafin layin ƙarshe. Sai dai gwajin nisa kawai yake daidaitawa. Ƙwallo mara nauyi a sakayau ɗin iska ba ya bin hanya ɗaya da mai nauyi a iska mai kauri, ga kuma na'urorin sanyaya zaure da ke tura shi gefe guda. Wannan yana cikin dalilan da suka sa 'yan wasa ke musayar ɓangare bayan kowane zagaye.

Abin da Gasar ke Aunawa

Babban ɗan wasa ya zaga zaurukan duniya, jikinsa ya haddace bambancinsu. Matashi kuwa sau da yawa a zaure ɗaya ya yi shekarunsa na koyo, kuma kwanaki kaɗan yake da su ya daidaita hannunsa da sabon wuri. A Guwadalahara, Viktor Axelsen na Danmak, yana da shekara 16, ya zama Bature na farko da ya ci kambin maza na ɗaiɗai. Ratchanok Intanon ta Tailan, mai shekara 15, ta ci na mata karo na biyu, ta kuma ƙara na uku a 2011. Intanon ta zama zakarar duniya ta manya a 2013, Axelsen kuma ya ɗauki zinaren Olamfik a Tokiyo da Faris.

Mai kallo yakan ɗauka cewa abokin karawar matashin shi ne wanda ke tsaye a bayan raga. Amma tun daga bugun gwaji na ranar farko, yaron yana karawa da iskar zauren, kuma wanda ya riga gane halinta ya shiga fili da rinjayen da allon maki ba ya nunawa.