Shekara Guda a Gidan Manomin Adar

A karkarar jihar Tawa, daga Illela zuwa Buza, daga Keita zuwa Madawa, gida ɗaya yana tafiya da lissafi uku. Akwai lissafin damina, wanda ke ce ma maigida ya tafi ko ya komo. Akwai na lakwal, wanda ke riƙe yara daga Oktoba zuwa Yuni. Akwai kuma na wata, mai kawo azumi da salla, wanda ke ja baya da kamar kwana 11 kowace shekara. Ukun nan ba su shawara da juna. Inda suka yi karo, karatun yara ne ke fara jin jiki.

Shekarar manomi da kaka take somawa. An ɗaure hatsi, an ƙidaya dammai, an zuba a rumbu. A nan maigida ke sanin ko abincin zai kai iyali wata damina. A daidai lokacin ne kuma ake buɗe lakwal, alhali wake na gona ba a roro ba. Mushe ya kira suna, ya tarar yara da yawa suna daji. A 2024 ma, ambaliyar ruwa ta sa gwamnati ta ɗage komawa aji har zuwa 28 ga Oktoba.

Idan rumbu bai cika ba, sai cin rani, abin da aka daɗe da sanin Adarawa da shi. Maigida ya shiga kar a Tawa, ya bi ta Ƙwanni, Dogon Dutse da Doso, ya isa Yamai bayan kilomita kamar 550. Daga nan wasu su ratsa Wagadugu zuwa Abijan. Wasu kuwa Kano ko Legas suke nufa tun daga gida, wasu su yi arewa ta Agadas. A can, aikin da ya samu shi ne nasa: dako, sayar da shayi, gashin nama, tallar kayan koli. Da, sai an jira mai komowa gida ya kawo wasiƙa. Yau wayar salula ta sauƙaƙa gaisuwa da aiken kuɗi, amma ba ta ɗebo ruwa, ba ta kai yaro asibiti.

Wannan nauyi kan uwargida yake sauka. Ita ke auna hatsin kowace rana, ta yi daka, ta nemo itace, ta kiwata ragon layya, ta zuba adashe. Inda ruwa ke kusa, ga aikin garka. Tun farin 1984 hukuma ta ƙarfafa noman rani, kuma a kwarin Magiya da kewayen Galmi albasa ta zama abin dogaro. Ana dasa ta da ɗari, a cire ta da bazara, manyan motoci su kwashe ta zuwa Akara da Abijan. Sau da yawa ɗan cin rani kan sauke buhun albasar ƙasarsu a kasuwar baƙon gari. Da rani ne kuma ake buɗe ajin yaƙi da jahilci, lokacin da maza da dama ba su nan. Macen da ta samu sarari ta zauna ajin, ita za ta karanta saƙon miji da kanta.

Yara ma ba su zaune. Yaro ya yi karatun allo da asuba, ya tafi lakwal, da marece ya ba dabbobi ruwa. Da farin wata sai dandali, a yi langa, a yi kokowa, kowa na kwaikwayon gwanayen da ya ji a rediyo. Ai a Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko, a 1975. Yarinya kuwa, bayan aji, ga rijiya, ga talla, ga goyon ƙane. Duk ranar da aiki ya fi ƙarfin uwa, ita ake fara hanawa zuwa lakwal. Kwana ɗaya ya zama mako, mako ya zama wata.

Bazara ita ce mawuyacin lokaci. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ido na hanya. Idan maigida ya iso kafin ruwan shuka, da 'yan jikkuna da tufafin yara, gida ya huta. Idan ya makara, sai a janye babban ɗa daga aji ya riƙe sungumi, ga shi a watan Yuni ake jarrabawar ƙarshen shekara. Wahalar wata tara ta tashi a banza saboda jinkirin kwana goma.

Da damina kaɗai lissafin ke daidaita. An ba da hutu daga Yuli zuwa Satumba, kowa na gandu: shuka, noman farko, maimai. Ran 3 ga Agusta, ranar da ƙasa ta samu 'yancin kai a 1960, ana dashen itatuwa. Sai dai lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, don haka uwa ta kula da maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke raba ma yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata.

Ya ku masu karatu, wanda ya iya rubutu ya samu makamin gyara wannan al'amari. Kafin tafiya, miji da mata su zauna su rubuta a littafi: dami nawa ke rumbu, nawa za a ci a wata, nawa aka ware don kayan lakwal, wace rana maigida zai komo, wa zai taya uwargida ɗibar ruwa don kada a taɓa karatun yarinya. Hakimai da malaman lakwal su ma su riƙa tuna ma iyaye ranar jarrabawa tun da wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya.