Sabo Turken Wawa, Ko Dabarar Manomi?

Duk wanda ya shiga kasuwar hatsi ta Gadarif lokacin kaka ya san sunan fatarita. Dawa ce da iyayenmu suka shuka, mu ma muka tashi muka tarar. Da ita ake kisra, da ita matanmu ke tuƙa tuwo.

To, a shekarar 1983 aka fito da wani sabon irin dawa a tashar binciken noma ta Wad Madani, mai suna Hajin Dura-1. Wani masani ɗan Habasha, Gebisa Ejeta, shi ya jagoranci aikin, har ya sami babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009. A gonakin gwaji, irin ya ba da amfani fiye da na gargajiya nesa ba kusa ba. Manoman Jazira masu ban ruwa suka karɓe shi. Amma a nan Gadarif, inda muke noman damina, akasarin jama'a suka riƙe abin da suka sani.

Wasu suka ce taurin kai ne. Mu dai ba mu yarda da wannan duka ba. Ai a nan yankin, a Gadambaliya, aka fara noman damina da tarakta tun shekarun 1940, kuma manoma ba su guje ta ba, domin sun ga amfaninta da idonsu.

Matsalar ita ce lissafi. Irin da aka auratar ba a ajiye shi a sake shukawa baɗi, sai an sayi sabo kowace shekara. Yana kuma son taki kafin ya nuna ƙarfinsa. Mai jiran ruwan sama kuwa bai san yadda damina za ta kaya ba. In ya ci bashi ruwa ya ɗauke, ya rasa dawa, ya rasa kuɗi. Ga kuma uwargida, wadda hannunta da harshenta suka saba da gari guda.

Duk da haka, jama'a, kada tsoro ya zama mana turke. Ƙasa tana gajiya, ƙuduji yana cin gonaki. Shawararmu ita ce kowa ya ware fadan ɗaya ya gwada sabon iri kusa da tsohon, ya auna buhunan da kaka, a kuma ɗanɗana tuwon a gida. Gani ya kori ji.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.