Kabon da Hasken Rana: Alƙawarin da Aka Yi da Abin da Ya Samu

Duk wanda ya taɓa sanya baƙar riga da tsakar rana a watan Afrilu ya san yadda baƙi ke shan rana. Gawayi da kunkunniyar tukunya da bakin fensir duk kabon ne, kuma abu ne mai samuwa cikin sauƙi a duniya. Shekara wajen 40 ke nan masana na neman hanyar da wannan shan haske zai koma wutar lantarki ko makamashi, maimakon ya tsaya a zafi. Dabararsu ita ce sarrafa kabon a ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, domin a wannan ƙanƙanta halinsa kan sauya baki ɗaya.

Abubuwa uku ne suka buɗe ƙofar. A 1985, a Jami'ar Rice ta Amurka, Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley suka gano fularin, ƙwayoyin zarra 60 na kabon da suka dunƙule tamkar ƙwallon ƙafa. A 1991 Sumio Iijima na Japan ya bayyana siraran bututun kabon. A 2004 kuma, a Jami'ar Manchester, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka riƙa ɓare irin bakin fensir da salatif har suka samo girafin, shimfiɗa mai kaurin zarra ɗaya da tsarin saƙar zuma. Na farko da na uku sun jawo kyautar Nobel, a 1996 da 2010.

Me ya sa aka yi musu rububi? Akwai hujja ta gaskiya. Silikon da ake yin farantin sola da shi ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,400, kuma tace shi na cin makamashi. Zaren da ke kwashe wutar a fuskar farantin na azurfa ne, har masana'antar sola ta kai tana cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na azurfar da duniya ke buƙata a shekara. Gilashi mai ɗaukar lantarki kuwa ya dogara da indiyam, ƙarfen da ake tsamowa kaɗan-kaɗan wajen tace tutiya. Kabon ba shi da wannan ƙaranci, ana iya narkar da wasu nau'o'insa a buga su kamar tawada a kan leda. Sai kuma hujja ta biyu, wadda masana ba su cika faɗa ba: inda suna ya tafi, can kuɗin bincike ke bi. A 2013 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin girafin na shekara 10 da aka ƙiyasta a kan Yuro biliyan 1.

Labarin fularin shi ne ya fi koyarwa. Idan haske ya bugi wani abu ya zaburar da ilaktaron, aikin bai ƙare ba, sai an janye ilaktaron ɗin da sauri kafin ya koma gurbinsa ƙarfin ya salwanta. A 1992, a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, tawagar Alan Heeger ta nuna cewa fularin na fizge ilaktaron daga wata irin roba mai ɗaukar lantarki cikin lokacin da ƙiftawar ido ta yi masa tsawo nesa ba kusa ba. A 1995 aka cakuɗa su biyun wuri guda, kuma daga nan fularin ya yi shekara 20 yana sarautar wannan fanni. Amma yana da lahani biyu da ba su gyaru ba. Shi kansa ba ya shan hasken da ido ke gani sosai, sannan idan ya ji zafi ƙwayoyinsa kan taru su dunƙule, aikin faranti ya ragu. Abin da ake mayarwa lantarki ya tsaya a wajen kashi 11 cikin 100 na hasken. Masana a Sin ne suka karya wannan shinge da sinadaran da suka maye gurbinsa, ITIC a 2015 da Y6 a 2019, na biyun ya kai kashi 15.7 tun fitowarsa.

Girafin da bututun ma ba su zama zuciyar faranti ba. Shimfiɗar girafin ɗaya kashi 2.3 kacal take sha na haske, kuma ba ta da gibin da ke riƙe ilaktaron bayan an zaburar da shi. Bututun kuwa, in an ƙera su, kusan ɗaya cikin uku kan fito da halin ƙarfe, ya gajarce hanyar wutar, kuma tsince su aiki ne mai tsada.

A ganina, duk da haka, ba waɗannan ne suka fi rusa alƙawarin ba. Silikon ne ya ƙi tsayawa a cim masa. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, galibi saboda manyan masana'antun Sin, ga kuma garantin shekara 25. Wanda ya fito da niyyar kayar da abokin kokawa da araha, sai ya tarar abokin ya riga shi. Kamfanin Konarka na Amurka, wanda ya yi suna da sola mai kama da leda, ya durƙushe a 2012.

To, ina kabon ya ci riba? A matsayin mataimaki. Sabon sinadarin ferofskayit, wanda ya faro da kashi 3.8 a 2009 a hannun Tsutomu Miyasaka, yanzu ya haura 26, kuma da yawa daga mafi ingancinsa suna ɗauke da siririyar shimfiɗar fularin mai kwashe ilaktaron. Ashe wanda aka sauke a wani gida ya sami aiki a maƙwabta. A 2014 tawagar Hongwei Han a birnin Wuhan ta cire zinaren da ake shafawa a bayan irin wannan faranti ta sa kabon da aka buga kamar tawada. Sun sami kashi 12.8, kuma ya jure fiye da awa 1,000 a cikin hasken rana, domin kabon na korar danshi. Wannan aiki ya fi burge ni fiye da alƙaluman da suka fi shi girma, saboda ya tunkari matsalar da mai saye zai fara tambaya.

Akwai kuma hanyoyin da ba lantarki ake nema ba. A 2009 Xinchen Wang da abokan aikinsa a Cibiyar Max Planck ta Jamus suka nuna cewa wani garin rawaya na kabon da naitirojin na fitar da iskar haidurojin daga ruwa idan haske ya taɓa shi. Ana iya yin garin ta hanyar gasa yuriya, takin nan da manomanmu suka sani, a zafin digiri 550. Abin da yake fitarwa har yanzu kaɗan ne, kuma yawanci sai an yayyafa masa filatinam mai tsada. A 2014, a cibiyar MIT, an ɗora ɓarɓashin kabon a kan soson kabon mai yawo a ruwa, ya mayar da kashi 85 na hasken da aka tattara masa zuwa tururi, abin da zai yi amfani wajen tace ruwan sha.

Sauran abin dubawa biyu ne. Na farko shi ne lafiya. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya wani nau'in bututun kabon a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar, a 2014, saboda kamar da zarensa ya yi da asbestos a huhu, ferofskayit kuma yana ɗauke da dalma. Na biyu shi ne ƙarko. Akasarin alƙaluman da ake shela an same su ne a kan ɗan yanki da bai kai farcen yatsa ba, a ma'aunin zafi na digiri 25. Farantin da ke kan rufin kwano a Sakkwato ko Agadas yakan haura digiri 60 da rana, ga ƙurar hunturu tana gogarsa wata da watanni. Awa 1,000 da aka yi murna da ita a Wuhan kusan kwana 42 ce, mai shagon da zai ci bashi ya sayi sola kuwa shekara 25 aka saba yi masa alƙawari.