Yadda jiki yake daidaita zafinsa

Da bazara zafin rana yakan wuce digiri 40 a Damagaram. Da hunturu kuwa sai mu kwana kusa da wuta. Amma in likita ya auna mai lafiya, zai samu zafin jikinsa wajen digiri 37, ko da rani ko da damina. Me ya sa haka?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai lura da zafin jini. In jini ya yi zafi, sai ya sa fata ta fid da zufa. Ku duba randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Haka zufa take sanyaya mu. In kuma jini ya yi sanyi, sai mu kama makyarkyata. Motsin tsoka ne yake kawo ɗumi.

Jiki yana da manzanni, sunansu ormon. Wasu ƙananan gaɓoɓi ne suke yin su, su zuba cikin jini. Jini ya kai su inda aka aike su.

Ga misali. In mun yi zufa da yawa, ruwan jiki yana raguwa. Sai wani ormon ya fito daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ya umurci ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsari yake zama kaɗan, ya yi ja. Wanda ya ga haka, ya sha ruwa maza.

A gaban wuya kuma akwai wata gaɓa, ana kiranta tiroyid. Ormon ɗinta shi ne mafecin jiki. Abinci kamar itace ne a murhu. In fifita ta yi yawa, abinci ya ƙone da sauri, mutum ya rame, ya riƙa jin zafi. In ta yi kaɗan, ya riƙa jin sanyi da kasala.

Tiroyid ba ta aiki sai da wani sinadari, iyod. In ta rasa shi sai ta kumbura. Wannan shi ne maƙoƙo. Rashin iyod yana kuma hana ƙwaƙwalwar yaro girma sosai. Don haka ake sa iyod cikin gishiri. In an aike ku kasuwa, ku nemi gishiri mai iyod.

Tambayoyi
1. Ina kamar zufa da ruwan randa?
2. Wa yake kai ormon ko'ina cikin jiki?
3. Me yake kawo maƙoƙo?