Farin Kati: A Bar Mai Suna Ya Rubuta Sunansa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin shirya taro, ko na ƙara wa juna sani ne, ko walimar sauka, ko haɗuwar iyalai bayan salla, ya san hankalin masu shiri yakan tafi ne ga rumfa da kujeru da lasifika da tukunya. Ɗan katin nan da ake maƙala wa mahalarta a ƙirji, wanda ake kira "badge" da Faransanci, sai a daren taro ake tunawa da shi. Mu ma haka muka ɗauke shi, har ranar da ya ba mu kunya.

A wani taro na kwana biyu da muka shirya, mun bi jerin waɗanda suka ba da sunayensu, muka kai aka buga wa kowa nasa da na'ura, tsaf-tsaf. Gari na wayewa sai ƙofa ta cushe. Masu suna Mahamadou kaɗai sun fi ƙarfin yatsun hannu, kowa na laluben nasa cikin tarin katuna. Baƙinmu da suka tsallako daga Najeriya suka tarar Usman ya koma Ousmane, Yusuf ya zama Issoufou. Wata dattijuwa ta sa aka karanta mata nata, ta mayar da shi kan tebur, ta ce rabon da a kira ta da wannan suna tun tana amarya. Abin da ya fi damun mu shi ne waɗanda ba sa cikin jerin: wani ya taho da ƙanensa, wata da maƙwabciyarta, suka koma gefe ƙirji wayam, sai ka ce ba a yi maraba da su ba. Alhali a wurinmu ba a korar wanda ya zo taron alheri.

Tun daga ranar muka koma ga farin kati, wanda ba a rubuta komai a kansa ba sai sunan taron a sama da ƙananan baƙaƙe. Da farko mun zaci sauƙin kuɗi ne kawai ribarsa. Daga baya muka gane ya fi dacewa da yadda suna yake a cikin al'ummarmu. Bahaushe ɗaya yakan rayu da suna uku ko huɗu: na yanka, da na rana kamar Ɗanjuma ko Talatu ko Asabe, da laƙabin da ke bin sunan yanka, inda Abubakar ke zama Garba, Usman ya zama Shehu, A'ishatu ta zama Indo. Ga kuma kunya: uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, suruka ba ta kama sunan surukinta. Takardar rajista ba ta san da wannan ba. Sunan katin ɗan ƙasa kaɗai ta sani. Idan aka miƙa wa mutum alƙalami, shi zai zaɓi sunan da yake so a kira shi da shi a gaban jama'a, kuma ba za a liƙa masa laƙabin da ya ƙi ba, abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana. Malamin zaure ma sai ya rubuta nasa da ajami, a ƙara masa boko a ƙasa.

Aikin ba shi da wuya. Farin kwali mai girman A4, in aka yanka shi gida takwas, kowane gida zai ba da santimita 10,5 a kan 7,4, wanda ya wadatar. A yanka fiye da adadin da ake tsammani. Kada a yi amfani da bik, domin siririn rubutunsa yakan tilasta wa mai karatu ya matso har ƙirjin mutum, wannan kuwa bai kamata ba, balle tsakanin maza da mata. A nemi alƙalami mai kaurin baki, baƙi ko shuɗi, a rubuta da manyan baƙaƙe yadda za a karanta daga taku uku.

Teburin rubutu ya zama biyu, na maza da na mata, nesa kaɗan da ƙofa. A kowane tebur a zaunar da matashi mai kyan rubutu da ladabi, wanda zai tambayi kowa da kowa: "Baba, wane suna za a sa?" ko "Hajiya, in rubuta miki?" In kowa aka yi wa wannan tayi, wanda bai iya rubutu ba zai wuce ba tare da an gane shi ba.

Kati mai manne bai yi mana rana ba. Zufa da ƙura sukan sa ya faɗi kafin azahar. Fil kuma yana huda shadda da mayafi, mata sun yi ta ƙorafi a kansa. Zare ne ya raba gardama: a huda katin, a rataya a wuya, ya zauna a kan hijabi da babbar riga. Na yara a sa lambar wayar uwa ko uba a bayansa, a kuma cire musu kafin su fita titi, kada wanda ba su sani ba ya kira su da suna su bi shi.

Saura abu guda da muka koya daga bakin wani dattijo, wanda muka iske bayan an watse yana tsintar katuna a ƙasa yana kakkaɓewa. Da yawa a cikinsu Abdullahi ne da Abdurrahman, ga sunan Allah ana takawa. Yanzu mukan ajiye kwando a bakin ƙofa, mai sanarwa ya tuna wa jama'a kafin addu'ar rufewa. A ware zaren don taro na gaba, katunan kuma a ƙone su a wuri mai tsabta.